Amsoshin Wasiƙunku: Don Me Amosanin Jini Bai Ƙare Cikin Jama'a Ba?

 A wannan mako wasiƙu uku suka zo mana daga wurare dabam-dabam, amma duk bakinsu ɗaya, saboda haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu ba su filin baki ɗaya. Sauran masu jiran amsa ku yi mana haƙuri sai mako mai zuwa.

Ta farko daga wani manomi ce a yankin Funtuwa. Ya ce shi da maiɗakinsa lafiyarsu lau, ba wanda ya taɓa kwana asibiti a cikinsu, amma cikin 'ya'yansu shida, biyu suna fama da amosanin jini, wato sikila. Ya ce danginsa sun kafe a kan matar ce ta kawo musu ciwon gida, har suna matsa masa ya sallame ta. Ta biyu daga wani mai sayar da hatsi ce a kasuwar Dawanau ta Kano. Shi kuwa tambayar ɗan kasuwa ya yi. Ya ce tun da a zamanin da yawancin yaran da ke da wannan ciwo ba sa kai munzalin aure, ai kamata ya yi a ce ciwon ya ƙare tuntuni, kamar rumbun da ake ta ɗiba ba a zubawa. To don me har yau yana nan, ƙaruwa ma ake ganin yana yi? Ta uku wata baiwar Allah ce daga Maraɗi, tana tambaya ko gaskiya ne auren zumunci ne ke jawo shi.

To madalla. Bari mu fara da kai, Malam manomi, domin naka ya fi gaggawa, aure ne ake neman kashewa. Amsa a taƙaice ita ce, ba matarka kaɗai ba ce, kai da ita ne, rabi da rabi. Yanzu ga bayani.

A jikin kowane mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da masana ke kira ƙwayoyin gado. Su ne ke ɗauko kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya, kamar tsawo da launin fata da yanayin jini. Kuma bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, ba ƙari ba ragi. Ƙwayar gadon da ke kula da jajayen ƙwayoyin jini tana da iri fiye da ɗaya, kamar yadda wake yake da fari da ja amma duk wake ne. Akwai irin da likitoci suka sa wa harafin A, shi ne na lafiya. Akwai kuma irin da suka sa wa S. Wanda ya ɗauko A daga uba da A daga uwa, shi ne AA. Wanda ya ɗauko A a gefe guda, S a ɗaya gefen, shi ne AS, kuma lafiyarsa lau, yana noma yana dako, zai iya tsufa bai san yana ɗauke da komi ba, domin A ɗin ta rufa masa asiri. Sai wanda ya ɗauko S ta gefen uba, S ta gefen uwa, wato SS, shi ne mai ciwon. Ƙwayoyin jininsa maimakon su zama kewayayyu masu laushi, sai su riƙa lanƙwashewa kamar lauje, suna toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa da ƙarancin jini da idanu masu ruwan ɗorawa suke tasowa. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ne ya fara bayyana wannan siffa ta lauje a rubuce a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada.

Ka ga ke nan, Malam, yaro ba zai zama SS ba sai ya sami S daga gefenka. Idan kai da ita duk AS ne, to a kowane ciki akwai hanya huɗu: A taka da A tata, A taka da S tata, S taka da A tata, ko S da S. Hanya ɗaya cikin huɗu ita ce ta ciwo. Amma ka lura, wannan ba layi ba ne da za a ce in an haifi mai ciwo ɗaya, uku masu zuwa lafiyayyu ne. Kowane ciki sabon zubi ne, ba ruwansa da na baya. Akwai gidan da za a haifi biyar ba mai ciwo ko ɗaya, akwai gidan da za a jera uku. Biyu cikin shida ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. In ka saki wannan mata ka auro wata ba tare da gwaji ba, S ɗinka tana nan tare da kai, za ka shiga da ita sabon ɗakin. Ka faɗa wa dangi haka. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Yara da yawa da a da ake kira 'yan wabi, da an gwada jininsu da abin da za a tarar ke nan.

Wannan lissafi na ɗaya cikin huɗu, wani limamin Kirista ne mai suna Gregor Mendel ya gano shi a lambu, a garin Burno da ke ƙasar Cek ta yanzu. Shekara da shekaru yana barbarar wani irin wake na Turai, ya buga sakamakonsa a 1866. Ya haɗa mai jan fure da mai farin fure, 'ya'yan duka suka fito da jan fure, kamar farin ya ɓace. Da ya sake shuka 'ya'yan suka yi barbara a junansu, sai ga fari ya dawo a jikoki: 705 masu launi, 224 farare, wato kusan uku da ɗaya. Ashe farin bai narke ba, ɓuya ya yi. Mu mukan ce jini ya gauraya, kamar an zuba nono a kunu. Mendel ya nuna ƙwayar gado ba ta narkewa. Ta fi kama da tsabar gero da ta dawa a ƙwarya ɗaya, kowace tana nan da siffarta ko an shekara ana juyawa.

Yanzu sai mu dawo kanka, Alhaji na Dawanau. Tambayarka ba ta gida ɗaya ba ce, ta gari ce baki ɗaya, kuma akwai fannin ilmi sukutum da aka kafa a kanta, wato nazarin gado cikin al'umma. Masu wannan fanni ba sa tsayawa kan wane ya haifi wane. Sukan ɗauki jama'ar ƙasa kamar buhu guda, su ce a cikin wannan buhu kashi nawa ne A, kashi nawa ne S? Kamar dai yadda kake zura hannu a buhun wake ka ɗebo ka duba, ka ce wannan buhu ja ya yi masa yawa. Wannan kason shi ne jigon maganar.

Ga alƙaluman Nijeriya. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006 ya ce kashi 24 cikin 100 na 'yan ƙasar AS ne, kuma cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa kimanin 20 SS ne, wato yara kimanin 150,000 a shekara. Babu ƙasar da ta kai wannan yawa a duniya.

To ɗauko ƙwarya, mu yi abin da akan yi wa yara a aji. Zuba tsabar wake 100, farare 86, jajaye 14. Fari shi ne A, ja shi ne S. Rufe ido ka ɗauki ɗaya, wannan ce ta uba. Mayar da ita, girgiza, sake ɗaukar ɗaya, wannan ce ta uwa. Ka haifi yaro ɗaya ke nan. In ka yi haka sau 10,000, sau nawa ja zai haɗu da ja? Sai ka ce 14 sau 14, ya ba ka 196. Wato kusan 2 cikin 100. Fari da fari kuwa 86 sau 86, ya ba ka 7,396, wato 74 cikin 100. Abin da ya rage, 2,408, su ne masu fari ɗaya ja ɗaya, wato 24 cikin 100. Ka ga abin mamaki? Lissafin ƙwarya ya fito daidai da abin da likitoci suka ƙirga a asibiti: AA 74, AS 24, SS 2.

Ba mu gama ba. Tara waɗannan yara 100 ka ce kowa ya buɗe hannunsa. Kowa tsaba biyu gare shi, jimla 200. Jajaye nawa ne? Masu AS su 24, kowa ɗaya, 24 ke nan. Masu SS su 2, kowa bibbiyu, 4 ke nan. Jimla 28 cikin 200, wanda shi ne 14 cikin 100. Inda muka fara nan muka dawo. Ma'ana, in ba wani abu ne ya shigo daga waje ya taɓa ƙwaryar ba, kason ja ba ya ƙaruwa don kansa, ba ya kuma raguwa don kansa, ko da zuriya nawa za ta wuce.

Mutum biyu ne suka gano wannan ƙa'ida a shekara ɗaya, 1908, ba tare da sun san juna ba. Ɗaya malamin lissafi ne a Ingila, Godfrey Hardy, ɗayan kuma likita ne a birnin Situtgat na Jamus, Wilhelm Weinberg, don haka ake kiranta da sunayensu su biyu. A lokacin wasu masana suna zaton irin da ya fi rinjaye a jiki, kamar jan furen Mendel, zai yi ta mamaye jama'a har ya cinye ɗayan. Hardy ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa ya nuna ba haka ba ne. Rinjaye a jikin mutum ɗaya dabam, yawa a cikin jama'a dabam.

Ga kuma amsar tambayarka a cikin wannan lissafi, Alhaji. Cikin jajaye 28 ɗin nan, 4 kacal ne ke hannun masu ciwo. Sauran 24 suna hannun lafiyayyu, masu kai buhu mota, masu zuwa ɗaurin aure. Kana kallon abin da aka baza a faifai ne, alhali sito yana cike a baya. A ce ma ba SS ko ɗaya da ya rayu ya haihu. An cire 4, saura 24 cikin 196, wato 12 da 'yan kai cikin 100. Daga 14 zuwa 12. Kuma duk lokacin da jan ya ragu, haɗuwarsa da ɗan'uwansa sai ta ƙara wuya, raguwar sai ta ƙara nawa. Kafin 14 ta sauko 7 sai an yi zuriya bakwai, wajen shekara 200 ke nan.

Za ka ce to ai an yi fiye da shekara 200 ana wannan abu, me ya hana shi sauka? Nan ne sauro ya shigo maganar.

Wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya zagaya yana gwada jinin mutane a gabashin Afirka. Ya tarar a bakin teku da kewayen tafkin Biktoriya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, masu AS sun haura kashi 20 cikin 100. A kan tsaunuka masu sanyi kuwa, inda sauro ba ya sakewa, da ƙyar ake samun ɗaya cikin 100. A 1954 ya buga bayaninsa cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin. Binciken da aka yi daga baya a Gambiya da Kenya ya tabbatar da haka: yaro mai AS, haɗarin kamuwarsa da zazzaɓi mai tsanani, irin mai sa suma da ƙarewar jini, yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwayar cutar tana shiga jan jini ne ta hayayyafa, jinin mai AS kuwa ba ya yi mata daɗin zama.

To ka ga an sami sikeli mai kwano biyu. A kwano ɗaya amosanin jini yana ɗauke masu SS, yana rage ja. A ɗaya kwanon zazzaɓi yana ɗauke yara masu AA fiye da masu AS, yana rage fari. Na tsakiya, mai AS, shi ya fi tsira ya girma ya haihu, shi kuwa fari da ja duka yake miƙa wa 'ya'yansa. Inda sikelin ya tsaya, nan kason ƙasar ya tsaya. Shi ya sa in ka ɗora taswirar zazzaɓin cizon sauro a kan taswirar amosanin jini sai ka ga sun hau juna: Afirka ta yamma da ta tsakiya, gabashin Saudiyya, tsakiyar Indiya, har da wasu sassan Girka da Italiya inda a da ake fama da sauro. Ba ciwon baƙar fata kaɗai ba ne, ciwon ƙasar sauro ne.

A nan sai na ja kunne. Kada wani mai AS ya ji wannan ya naɗe gidan sauronsa ya ajiye. Kariyar ba cikakkiya ba ce, yana kamuwa da zazzaɓi kamar kowa, tsananin ne ke raguwa. Mai SS kuwa zazzaɓi babban abokin gabansa ne, shi ya fi kowa bukatar gidan sauro.

Batun cewa ciwon ƙaruwa yake yi, ido ne ke ruɗinmu. A ƙidayar 1991 mutanen Nijeriya kusan miliyan 89 ne, yanzu sun haura miliyan 200, saboda haka 2 cikin 100 ta yau ta ninka ta wancan lokaci a yawan kawuna. Sa'an nan yaran da a da za su rasu kafin a yaye su ba a san dalili ba, yanzu ana gwada su a sa wa ciwon suna, ana ba su magani, suna girma, har suna karatu da aure. Ganinsu da muke yi alama ce ta ci gaba.

Wannan abu da sauro ya yi, masana suna kiransa zaɓi, kuma manomi ya fi kowa saninsa. Lokacin girbi in ka ware manyan zangarniyoyi masu cika ka rataye a matsayin iri, kana canza kason ƙwayoyin gado na gonarka ne, shekara bayan shekara. Makiyayin da ke dandaƙe duk bunsurun da ba ja ba, ya bar jan kaɗai yana barbara, haka yake yi, kuma da irin wannan ne jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta tsaya da launinta har fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya. Wani lokaci kuma ba mutum ke zaɓen ba. A kurmi, inda ƙudan tsando yake, shanun Muturu da Ndama suna jure sammore, Bunaji kuwa in ya daɗe a can sai ya rame, domin dubban shekaru cutar tana tankaɗe waɗancan tana barin masu juriya. Har ƙwayar zazzaɓin ma haka ta yi mana. An yi ta shan kulorokwin, ya kashe masu rauni ya bar 'yan tsiraru masu taurin kai, su kuma suka hayayyafa suka cika ƙasa, har a 2005 Nijeriya ta sauya shi da wasu magungunan.

Ban da zaɓi akwai ƙaura. In ka juye mudun wani buhu a cikin naka, kason ya canza. Kakannin baƙaƙen fatar Amurka daga ƙasashenmu aka kwashe su zamanin cinikin bayi, da S ɗinsu suka tafi. A yau kimanin ɗaya cikin 13 ne ke da AS a cikinsu, mu kuwa ɗaya cikin huɗu. Dalili biyu ne: sun yi auratayya da wasu jinsuna, kuma kwanon sauro ya tashi daga sikelin, domin Amurka ta kawar da zazzaɓin tun wajen 1951. Duk da haka dubi yadda S ɗin take nan, bayan ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma dace kawai, wanda ke aiki a ƙaramin garke. Mai awaki goma, ɗaya ce kaɗai mai roɗi-roɗi, kura ta shigo da dare ta ɗauke ta. Ba don launinta ba ne, ita ce dai ke bakin ƙofa. Amma daga ranar roɗi-roɗi ya ƙare a gidan. Mai awaki dubu ba zai ko lura ba. Haka unguwar da gida uku ko huɗu suka sara, in an dace biyu cikin masu saran AS ne, jikokinsu za su fi maƙwabtansu yawan S ba tare da wani dalili ba. Don haka 14 ɗin da muka yi lissafi da ita ta ƙasa ce baki ɗaya, gari da gari sukan bambanta.

Daga ina jan wake na farko ya faɗo cikin ƙwaryar? Ƙwayar gado kamar rubutu take, ana kwafarta daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma jefi-jefi akan sami kuskuren harafi. Tsakanin A da S bambancin harafi ɗaya ne tak. Wani bincike da Daniel Shriner da Charles Rotimi, haifaffen Nijeriya, suka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa kuskuren ya faru ne a jikin mutum ɗaya a Afirka kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Da ba don sauro ba, da wataƙila ya ɓace tare da shi.

Saura ke, Malama ta Maraɗi. Auren zumunci ba ya ƙirƙiro S inda babu ita. In gidanku duk AA ne, ko shekara ɗari kuka yi kuna auren juna ba za a haifi mai amosanin jini ba. Abin da yake yi shi ne sauƙaƙa wa ja haɗuwa da ja, domin ɗan wa da 'yar ƙane kakansu ɗaya, mai yiwuwa ne su biyun sun gaji abu ɗaya daga gare shi. Ga amosanin jini ƙarin ba shi da yawa. A lissafi, maimakon 2 cikin 100, 'ya'yan irin wannan aure sun kusa 3 cikin 100. Dalili kuwa S ta riga ta yi yawa a gari, ko bare ka aura ɗaya cikin huɗu tana ɗauke da ita. Inda auren zumunci ya fi tasiri shi ne cututtukan gado da ba a cika samu ba, kamar wasu nau'o'in kurumta. A ce irin da ke jawo wata cuta ɗaya ne cikin 100 a ƙwarya. Tsakanin bare da bare sai an haifi yara 10,000 kafin a sami mai ita ɗaya. Tsakanin 'ya'yan wa da ƙane kuwa sai a sami wajen bakwai. Saboda haka gidan da ya ga wata larura tana maimaituwa a 'ya'yan zumunci, ya kamata ya nemi shawarar likita kafin a ƙulla na gaba. Amma a daina ɗora wa zumunci laifin amosanin jini kacokan, har wanda ya auro bare ya saki jiki ya ce shi ya tsira.

To mene ne abin yi? Tun da ɗaya cikin huɗu na maza AS ne, ɗaya cikin huɗu na mata ma haka, to cikin kowane aure 16 da aka ɗaura ba gwaji, kusan ɗaya AS ne ya auri AS. Ka ƙirga ɗaurin auren da ka halarta daga ƙaramar salla zuwa babba, ka ga ko nawa ne. Gwaji kafin aure ba zai kwashe jan wake daga ƙwarya ba, 14 ɗin tana nan. Abin da zai yi shi ne hana ja haɗuwa da ja. Mai AS in ya auri AA, ba za su haifi SS ba ko ɗaya. Don haka ni ban ga dalilin gudun mai AS ko yi masa gori ba. Rubu'in jama'a ne fa, a cikinsu akwai limamai da sarakuna da ni da kai wataƙila. Wa zai hana rubu'in gari aure? A jihar Kano ma an sa hannu a doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan. A ganina kuskuren da ake yi shi ne jinkiri. Sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an ɗinka anko, sa'an nan a tafi gwaji, lokacin da fasawa ta zama abin kunya, har wasu su nemi takardar ƙarya. Gara a gwada yaro tun yana firamare, ya tashi ya san harafinsa kamar yadda ya san sunan kakansa.

In kun je asibiti ku ce gwajin jinotayif kuke so. Ba shi ne gwajin rukunin jini na A da B da O ba, wanda ake yi don ƙarin jini. Mutane da yawa suna rikita su, sai mutum ya ce ai shi O ne, ba ruwansa. Ku kuma sani akwai iri na uku da ake kira C, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, ana kuma samunsa a ƙasar Yarabawa. Masu saurarenmu na zangon Kumasi da Tamale su lura da wannan, domin AS in ya auri AC suna iya haihuwar SC, shi ma ciwo ne, ko da yake sau da yawa bai kai SS tsanani ba. In sakamako ya ba ku shakka, ku sake yi a wani asibitin gwamnati, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba.

Kai kuma Malam na Funtuwa, yaran nan biyu ku kai su asibitin da ke da sashen masu amosanin jini a yi musu rajista. A cika musu allurar rigakafi, su kwana cikin gidan sauro, su riƙa shan ruwa da yawa, a rufe musu jiki lokacin hunturu, kada a bar su cikin ruwan sama ko aikin rana mai tsanani. Akwai ƙwayar folik asid da ake ba su kullum, akwai kuma wani magani mai suna haidiroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, amma likita ne kaɗai zai rubuta shi ya riƙa duba jininsu. Zazzaɓi in ya kama su kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti a ranar. Sauran huɗun ma a gwada su, domin cikin lafiyayyun 'ya'yan AS da AS, biyu cikin uku AS ne, kuma nan da 'yan shekaru su ne za a zo neman aurensu.